Faranti Na Uku

Talata, 8 ga Oktoba, da yamma

Mun iso. Jirgin ƙasa daga Craiova, muka sauka muka sake wani, sannan bas mai warin jiƙaƙƙun riguna. Mama Tinca ba ta ce uffan ba tun daga gida, sai dai in mun wuce coci ta yi alamar gicciye. Surukata ce. Shekara goma sha ɗaya ina ce mata Mama, kuma ban taɓa ganin bakinta ya mutu haka ba.

Bari in rubuta abin sau ɗaya, kada in sake. Sati biyu ke nan da ruwa ya ɗauki taraktar Stelian a mashigin kogi, yana janyo gumagumai daga daji. An ga taraktar a kife. Shi ba a gan shi ba. Iyakar abin da kowa ya sani ke nan, sauran duk surutu ne. Mijina ya iya ruwa, a bakin kogin Olt ya girma.

Mun sauka a gidan baƙi na bakin titi, ƙasa wurin cin abinci, sama ɗakuna. Mai gidan, Tanti Domnica, doguwa ce mai hannun maza. Tana ganinmu ta goge hannu a jikin zanen aikinta.

"Ku ne na Stelian?"

Na ce mu ne.

"Kowace Asabar sai ya zo. Teburin can nasa ne, kusa da murhu. Allah ya..."

Na dube ta. Ta haɗiye sauran.

Muka zauna a teburin nasa. Na ce a kawo faranti uku. Mu biyu miya mai tsami, shi kuma abin da ya saba ci, soyayyen naman alade da ƙwai a kai, da tuwon masara da cuku. Ta buɗe baki za ta yi magana, na ce, "In ya shigo da yunwa zai shigo, Tanti. Ki rufe masa da wani farantin kada ya huce." Ta rufe.

Laraba, 9 ga Oktoba, da hantsi

Na je wurin 'yan sanda. Wani mai gashin baki ya ba ni kujera, ya ba ni kofi, ya ce ana kan nema. Kofin ma ba daɗi.

Laraba, da yamma

Yau ranar azumi ce, ba a cin nama, wake muka ci ni da Mama. Shi na sa an soya masa nama, matafiyi ba ya azumi.

Na gaya wa Tanti Domnica ƙarara, a gaban yarinyar da ke kai abinci: farantin nan ba za a ba kowa ba. Ba mabaraci ba, ba maƙwabci ba. Abincin da aka miƙa wa baƙo da sunan wanda ba ya nan, kowa ya san ko na mene ne. Ni ba zan yi wa mijina sadakar mamaci yana numfashi ba. Mama ta ce ita za ta riƙa kai wa karnuka in mun gama. To, karnuka ba sa cewa bogdaproste, godiyar da mai karɓar sadakar mamaci ke yi. Na yarda.

Juma'a, 11 ga Oktoba, da rana

Na bi bakin kogin har ƙafata ta yi bororo. Ruwan ya ja baya, ya bar robobi a saman rassa, sama da kaina. Na tsaya ina kallon robobin nan. Ban san me ya sa nake rubuta zancen robobi ba.

Abokin aikin Stelian ya raka ni. Sai kuka yake, ƙaton banza, ni ce ma nake ba shi haƙuri. Amma ya faɗi magana ɗaya mai amfani. Ya ce makiyaya suna can saman dutse da tumaki, babu waya a can, ba sa saukowa sai ranar Waliyyi Dumitru, 26 ga wata. In wani ya tsinci mutum da karyayyar ƙafa, ko wanda ya bugu a ka, can zai ajiye shi har su sauko.

Can yake. Na ji a jikina.

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan abincin rana

Gidan ya cika maƙil. Mai goge da mai akodiyon, hayaƙin gashi, mutanen Bucharest da manyan motoci. Wata mai jan farce ta ɗauki hoton tuwon masara ta gaba, ta ɗauka ta gefe, har ya sandare ba ta ci ba. Mijinta ya dafa kujerar Stelian.

"Baiwar Allah, ba kowa a nan ko?"

"Da mai ita."

"Ai tun ɗazu nake gani babu kowa."

"Ka ci gaba da gani."

Ya tafi yana gunaguni wai mutanen ƙauye. Wa ya gaya masa ni 'yar ƙauyen nan ce?

Yarinyar gidan ta sa furanni a kwalba a teburinmu. Na ƙirga, huɗu. Na zare ɗaya na jefa a murhu. Ta yi ta rantsuwa ba da gangan ta yi ba. Na san ba da gangan ba ne, amma yarinyar da ta kai shekara ashirin ba ta san furannin da adadinsu ya rabu biyu cif-cif na maƙabarta ba ne? Uwarta me ta koya mata?

Lahadi, 13 ga Oktoba, da safe

Mama ta tafi coci. Ni ban je ba. A bakin ƙofa akwai wurin kunna kyandir gida biyu, na masu rai da na waɗanda suka riga mu, kuma duk matan garin za su zuba ido su ga inda zan nufa.

Talata, 15 ga Oktoba, da la'asar

Tanti Domnica ta ce kada in ƙara yi mata zancen ɗaki, in ina so in biya ta in shigo kicin in taya ta naɗe nama a ganyen kabeji. Na shiga. Ita ƙanana take naɗawa, kamar yatsa, mu a kudu manya muke yi. Ta ɗaga nawa ta nuna wa yarinyar.

"Dubi na mutanen Oltenia. Wannan abinci ne ko matashin kai?"

Na ce, "Mu mazanmu suna da ciki, ba irin naku ba masu tsotsar hayaƙi."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Sai na ji kunya ta kama ni, na fita bayan gida na tsaya wurin itace har hannuna ya yi sanyi.

'Yata Mirela ta kira daga gidan ƙanwata. Haƙorinta na gaba ya fita, tana so ta nuna wa babanta. Na ce ta ajiye a kwalin ashana.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ruwan sama. Faranti uku.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da yamma

Dole in rubuta wannan.

Bayan mun ci, Mama ta ɗauki farantinsa kamar kullum ta yi baya. Na tuna ta bar gyalenta, ga sanyi, na bi ta da shi. Na zagaya ta wurin itace.

Babu kare ko ɗaya. Akwai wani tsohon tebur a rumfar baya, da wani tsoho a zaune, Nea Toader, wanda ke faskara wa gidan itace. Ya cire hula. Mama tana tsaye ta ɗaya gefen, ta kunna guntun kyandir ta manna a bakin farantin, ta miƙa masa ta saman tebur da hannu biyu. Na ji da kunnena ta ce, "Don ran Stelian." Ya ce, "Bogdaproste."

Ban san lokacin da na doke farantin ba. Ƙwai a ƙasa, tuwo a kan takalmin tsohon.

"Tun yaushe?"

Ba ta ko sunkuyar da kai ba. "Tun ranar da muka zo."

"Ɗanki ne fa, Mama. Ke kika haife shi. Kina binne shi kullum a bayan kicin, ni ina can ina gadin kujera kamar mahaukaciya?"

"Rodica, 'yar nan, saurara. In yana raye, Toader ya ci ya ƙoshi, babu abin da ya ragu. In ba ya raye, yana kan hanya, kuma abin da aka miƙa da sunansa shi kaɗai yake samu. Wa zai ba shi? Ke kin ce a'a. In bar yarona da yunwa?"

"In yana raye kin kira masa mutuwa."

"Mutuwa ba ta jiran kirana."

Nea Toader ya durƙusa yana tsince naman daga ƙasa yana hurawa. Ya ce, "Kada ki ga laifina, 'yata. Abin da aka miƙa haka ba a mayar da shi." Na san haka, ba sai ya gaya mini ba.

Tanti Domnica ma ta sani. Yarinyar ma ta sani. Duk gidan sun sani, ni kaɗai ce jakar.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da safe

Ba ma magana. Gado ɗaya, kowa ta juya wa 'yar'uwarta baya.

Juma'a, da yamma

Yau ni na ɗauki farantin da kaina. Na kai bakin titi na juye wa karnuka, na tsaya har suka lashe. Mama tana kallona ta taga.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da rana

Ta daina cin nata. Takan gutsuri burodi ta ɗan tsoma a miya, shi ke nan. Na ce ta ci, ta ce ba ta jin yunwa. Na gane abin da take yi. In ɗanta ba zai ci ba ita ma ba za ta ci ba. Tsohuwar nan taurin kanta ya fi na ɗanta, shi ma da aka ce masa kada ya tsallaka ruwan ya...

Stelian ya iya ruwa.

Talata, 22 ga Oktoba, da asuba

Na yi mafarki. Yana zaune a teburin murhu, rigarsa tana ɗiga, ya sa hannu zai buɗe farantin, murfin ya ƙi ɗaguwa. Ya dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da yake mini in na ɓoye masa sigari. Na farka bakina da ɗaci.

Ba zan gaya wa Mama ba, na san abin da za ta ce. Kabeji ne na ci da yawa.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da la'asar

Fada, limamin cocin garin, ya zo cin abinci, Tanti Domnica ta turo shi teburinmu, wai shi ya zo don kansa. Ya zauna, ya yi ta juya cokali a miya. Ya ce Asabar ta sama ita ce ta tunawa da magabatan da suka rasu, kowane gida zai raba faranti, kuma in an ƙirga daga ranar ruwa, ranar ce ta arba'in. Ya ce ba ya tilasta kowa, amma bayan arba'in an rufe hanya, abin da ba a aika ba ba a aika ba.

Na ce, "Fada, in na kawo maka sunansa ka karanta cikin matattu, jibi ya shigo ta ƙofar nan da sanda, me za ka ce masa?"

Ya ce, "Zan ce masa sannu da zuwa."

"Ni kuma me zan ce masa?"

Ya shanye miyarsa, har ya nemi ƙarin barkono.

Jibi makiyaya za su sauko.

Asabar, 26 ga Oktoba, da hantsi

Tun da sassafe nake bakin titi. Na ji ƙararrawar tumaki kafin in gan su. Na sa rigata mai kyau. Ban san me ya sa na shafa jan baki ba.

Asabar, da yamma

Garke biyar. Na tambayi kowanne, har jakunan na leƙa, kamar za a ɗauro mutum a cikin kayan cuku. Babbansu, wani mai farin gemu, ya saurare ni har na gama. Ya ce bana ba su tsinci kowa ba, sai wata barewa da ruwa ya kawo. Ya ciro cuku zai ba ni. Na ce ya riƙe abinsa.

Sun cika gidan, suna shan barasar 'ya'yan itacen plam suna buga kofuna. Da suka ga teburinmu sai suka rage murya. Ɗaya ya ɗiga kaɗan a ƙasa kafin ya sha, irin yadda ake yi wa mamaci, ya ɗauka ban gani ba.

Mama ta goge mini jan bakin da gefen gyalenta. Na bar ta ta goge.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Akwai wasu makiyayan ta ɗaya gefen dutsen. Ba kowa ne ke saukowa ta nan ba.

Litinin, 28 ga Oktoba, da rana

Babu wasu makiyaya. Na tambaya.

Talata, 29 ga Oktoba, da yamma

Ɗan sanda mai gashin baki ya zo da kansa da safe, ya tsaya a ƙofar kicin hula a hannu. Ya ce in zo mu je gari, ni kaɗai. Na ce wa Mama takarda zan sa wa hannu.

Na je. Na gani.

Na dawo na naɗe kabeji tukunya biyu. Tanti Domnica ta ce yau nawa sun fi nata ƙanƙanta.

Laraba, 30 ga Oktoba, da safe

A madatsar ruwa ta ƙasa suka tsinci wata gawa, cikin gumagumai. Ba su bari na ɗaga zanen ba, sun ce babu abin da zan gane. Kaya kawai suka nuna mini a cikin leda.

Rigar sanyi ruwan ƙasa, irin wadda kowace tsohuwa ke saƙa wa ɗanta. Akwai dubu irinta a ƙasar nan.

Laraba, da la'asar

A gwiwar hannun hagu akwai faci da koren zare. Bara ne, zare ruwan ƙasa ya ƙare mini, ya ce in yi da kowanne, wa zai duba gwiwar hannunsa a daji.

Mata da yawa zarensu yana ƙarewa.

Sun ce ba za su rubuta suna ba sai an gwada da jinin uwarsa, kuma sakamako sai ya yi sati uku ko fi. Wato sai na gaya mata. Wato kuma Asabar za ta zo ta wuce babu wanda ya ce mini e ko a'a.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da yamma

Ban gaya mata ba. Na kai wa karnuka. Baƙin karen da ke cikinsu har ya san ni, yana kaɗa mini wutsiya. Na ji na tsane shi, na tsani kaina.

Siket ɗin Mama yana zamewa, ta ɗaure da igiya. Yau ta tambaye ni, karo na farko tun ranar rumfa, "Takardar da kika sa wa hannu, doguwa ce?" Na ce gajera ce. Ta ce, "To."

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da rana

Kicin ya cika da ƙamshin dafaffiyar alkama da gyaɗar turawa. Tanti Domnica tana yi wa mijinta da iyayenta da suka rasu, ta jera sababbin faranti da cokula, kowanne da kyandir ɗinsa. Ta ce in ba na so in gani in hau sama. Na zauna na taya ta daka.

Tsoro nake ji. In na miƙa, ni na kashe shi, ni da hannuna, kafin likita, kafin kowa. In ban miƙa ba, kuma shi ne a ƙarƙashin zanen nan, to na bar shi ya yi tafiyar nan duka da yunwa saboda taurin kaina. Mutumin da ko awa biyu ba ya iya yi bai sa wani abu a baki ba.

Mirela ta kira. Ta ce haƙorin yana nan.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da la'asar

Da rana muka sauko. Gidan ba kiɗa yau. Na ce faranti uku, aka kawo, aka rufe nasa.

Mun zauna. Mama ba ta taɓa cokali ba, ni ma haka.

Wata babbar mota ta tsaya a waje, ta gumagumai. Direban ya shigo yana murza hannu, ba ɗan nan ba ne, daga maganarsa mutumin yankin Ardeal ne. Zai yi sa'an Stelian, ko ya ɗan girme shi. Ya duba ko'ina babu wuri, ya zo ya tsaya a kanmu.

"Sannunku. Kujerar nan da mai ita?"

Na ji Tanti Domnica ta tsaya cak da tire a hannu.

Na ce, "Zauna."

Ya zauna, ya fara neman yarinyar da ido zai yi oda. Na jawo farantin gabana na buɗe. Bai huce ba, ƙwan ma bai daskare ba. Sai na tuna ba ni da kyandir, na juya zan nemi Tanti Domnica. Mama ta riga ta sa hannu a aljihu. Sabo ne, dogo, ba guntu ba. Ban san tun yaushe yake wurinta ba. Ashanar ta ƙi kamawa a hannunta, na karɓa na kunna.

Mutumin ya dubi kyandir, ya dube ni, ya dubi tsohuwa. Ya miƙe tsaye ya cire hula.

Na ɗaga farantin da hannu biyu na miƙa ta saman tebur. Ya tsaya da hannuwansa a buɗe, bai karɓa ba, don ba a karɓa sai an faɗi sunan. Ya jira ni.

Na ce, "Don ran Stelian."

"Bogdaproste. Allah ya gafarta masa."

Duk teburan suka amsa, ƙasa-ƙasa. Mama ta amsa. Ni ma na faɗa.

Ya ci a hankali, bai tambayi ko wane ne ba sai da ya kai rabi. Na ce mijina ne. Ya ce sana'arsa fa? Na ce tarakta yake ja a daji. Ya gyaɗa kai, ya ce aikin nan ba shi da kirki.

Mama ta jawo miyarta ta fara sha, har da burodi. Ba ta dube ni ba ta ce, "Da koren zaren ne?"

Na ce da shi ne. Ashe ta riga ta ji komai.

Ta ce, "Ranar Litinin sai ki kai ni su ɗebi jinin."

Mutumin ya cinye tas, ya gutsuri burodi ya goge farantin har ya yi ƙyalli. Na tambaye shi ko ya ƙoshi. Ya ce ya ƙoshi, uwar ɗaki. Na sake tambayarsa, ya sake cewa ya ƙoshi.